Ginshiƙin Tsakiyar Barga

Sannu-Sannu ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Sana'arsa sauke tsofaffin gine-ginen gona, amma in kana son ganin ɓacin ransa ka kira shi mai rusau. Shi a wurinsa kwance gini yake yi, kamar yadda ake kwance kitso. Abin da magini ya ɗora a ƙarshe shi yake fara saukewa, abin da aka fara kafawa shi ne na ƙarshen cirewa. Kwano gefe, katako gefe, bulo gefe, hatta ƙusa sai an miƙe ta da guduma an jefa a gwangwani. Masu katafila kan gama a wuni guda abin da zai ci masa makonni, su bar wa mai wuri tulin shara ya san yadda zai yi da shi. Shi kuwa idan ya tashi daga wuri, tsintsiya kaɗai ke da sauran aiki.

Abokin aikinsa tun suna da baƙin gashi shi ne Birkila, mutum mai ƙaton ciki da bakin da ba ya hutawa. Su biyu ne ƙashin bayan aikin, sauran 'yan ɗauka da sauke ne da ake nema idan buƙata ta taso.

Wani ma'aikacin asibiti ne ya zo nemansu, mai sanyin magana, wanda kowa a gidansu ke kira Auta duk da furfurar da ta fara cin gemunsa. Ya ce mahaifiyarsa ta tsufa, zaman gona ita kaɗai ya gagara, za ta koma wurinsa cikin gari. Gonar an bar wa maƙwabci ya noma, shi kuma yana son a share masa filin tsohuwar bargar shanu kafin ruwa ya sauka, don bangon bayanta ya tsage, ana tsoron ya faɗo wa wani.

"So nake a gina mata ɗaki a gidana da kayan bargar," in ji Auta. "Ta kwana cikin abin da ta sani. Amma fa tana da sharaɗi, kuma ita za ta faɗa muku da bakinta."

Suka iske Iya a tsaye a ƙofar bargar, 'yar tsohuwa siririya mai idon da ba ya ƙiftawa a banza. Tana dogare da sanda, ƙafarta daf da dokin ƙofa, amma ba ta taka shi ba. Ta ɗaga sandar ta nuna cikin duhu.

"Ka ga wancan na tsakiya?"

Sannu-Sannu ya leƙa. Wani ƙaton ginshiƙi ne ya tokare rufin, daga ƙasa zuwa tsayin mutum an kewaye shi da allunan katako, daga nan zuwa sama an shafe shi da farar ƙasa da ta koma ruwan toka. Duk katakan rufin a kansa suka haɗu.

"Na gan shi, Iya."

"Shi nake so. Sauran ku yi yadda kuka ga dama, ku gina masallaci ko akurki, ba ruwana. Wannan a kawo mini shi ɗungurungum, a kafa shi a tsakiyar ɗakina, in riƙa ganinsa ina kwance. Za ka iya?"

Da a ce ya shiga ya ƙwanƙwasa shi, ko ya tona gindinsa kaɗan, da bai yi saurin buɗe baki ba. Amma idon mai irin wannan sana'a duk itacen da ya gani tsaye a cikin gini katako yake ɗaukarsa, abin da wani ya kafa kuma wani zai iya tugewa. Mutumin da bai taɓa gaggawa a komai ba, ranar nan ya yi gaggawar alkawari.

"Na ɗaukar miki alkawari, Iya. Da hannuna zan kafa miki shi."

Aka fara daga sama kamar kullum. Tun a kwanon farko Sannu-Sannu ya gane cewa wanda ya yi ginin nan ba ya wasa. Kowace ƙusa ta shiga a miƙe, ta fita a miƙe. Katakan rufin ba a haɗa su da ƙarfe ba, an sassaƙa bakin wannan ya shiga cikin wancan, aka soke su da turakun itace, in ka buga turke ɗaya ya fita sai katakon ya zame a hannunka lafiya lau. Gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. Yakan tsaya a kan tsani yana shafa wata gaɓa da babban yatsa, har Birkila ya yi masa tsawa daga ƙasa.

"Malam, aure za ka nema a wurin katakon nan ne? Miƙo shi, hannuna ya gaji!"

"Zo ka ga aiki, Birkila. Mutumin nan kamar ya san za mu zo. Ya yi ginin yadda za a iya kwance shi."

"To Allah ya ji ƙansa. Ni dai yunwa nake ji."

Inuwa ɗaya ce a duk wajen, ta wata babbar bishiya da ke bayan bargar, 'yan taku kaɗan daga bangon da ya tsage. Nan Iya ke shimfiɗa tabarma ta wuni, nan kuma ma'aikatan ke zuwa cin abincin rana. Wata rana Birkila ya jingina da gindin bishiyar, ya yi gyatsa, ya ce, "Iya, Allah ya yi wa wanda ya shuka wannan albarka."

"Ba wanda ya shuka ta," in ji Iya a taƙaice. "Baƙuwa ce. Haka nake kiranta. Ita ta fito da kanta bayan an kashe 'yar gida."

Daga nan labarin ya fito, ba don an tambaye ta ba, sai don ya daɗe yana cinta. Gonar ta ubanta ce, a nan aka haife ta. Mahaifiyarta ta rasu tun tana goye, ba ta san fuskarta ba, ba ta san muryarta ba. Abu ɗaya aka taɓa nuna mata aka ce wannan uwarki ce ta dasa, wata bishiya a kan ɗan tudun da bargar take yanzu. A ƙarƙashinta ta yi rarrafe, a ƙarƙashinta ta yi kukan maraici duk ranar da aka ɓata mata rai. Da ta yi aure mijinta ya karɓi aikin gonar. Wata shekara ruwa ya yi ɓarna, ya ci tsohon garke, shanu suka mutu a cikin laka. Tudun nan kaɗai ruwa bai taɓa ba. Ita kuma lokacin tana gari tana jinyar ɗanta na fari a asibiti.

"Na dawo na tarar da barga," in ji ta. "Na tsaya a ƙofa, na hango bishiyar uwata an sare mata kai, an datse mata hannuwa, an ɗora mata rufi tana dakon shanu."

"Bai ce komai ba?" Sannu-Sannu ya tambaya.

"Ya ce mana. Wai, 'Tana nan da ranta, zo in nuna miki.' Ka ji rainin hankali! Na ce riƙe abinka. Duk shekarar duniya sai ya sake faɗa, ni kuma sai in ce riƙe abinka. Shi ba mai yawan magana ba, ni ba mai yawan saurare ba. Mun haifi 'ya'ya, mun aurar, mun zauna lafiya, ban taɓa hana shi komai ba. Amma ƙafata ba ta taɓa shiga bargar nan ba, har ya koma ga Allah." Ta gyara zaman sandarta. "Gawar bishiyata nake so, yaro. Ba zan bar ta a gonar wani a yi makamashi da ita ba."

Birkila, da bakinsa ba ya hutawa, ya rufe kwanon abincinsa ya koma bakin aiki.

Bayan rufi sai bango. Jan bulo ne aka ɗaure da farar ƙasa, ba siminti ba, don haka kowane ɗaya yana ɓallowa da kyau, a kankare shi a jera. Birkila na sauke bangon baya har ya kai ga tushe, sai ya kira.

"Zo ka ga inda gwanin naka ya yi shirme."

Can ƙasa, a binne, an lanƙwasa bulo an yi wata 'yar ƙofa mai siffar baka, kyakkyawa kamar za a nuna wa baƙi. Cikinta cike yake taf da wani abu mai kauri da laka ta lulluɓe, har ya ɗaga bulon saman ya tsaga bangon.

"Magudanar ruwa ce ta toshe," in ji Birkila. "Wa ke yi wa fitsarin shanu ado haka? Kuma ya yi ta a wajen tudu, ruwa zai hau sama ne?"

Sannu-Sannu ya duba, abin bai kwanta masa ba, amma hankalinsa na kan ginshiƙi. Ya ce a cire bulon a jera su daban, a bar abin da ke ciki sai an zo share fili.

Ranar ginshiƙi Auta ya zo da babbar mota. Bargar ta zama fili, ba rufi ba bango, sai dokin ƙofa da ginshiƙin tsaye shi kaɗai cikin rana. Iya tana can ƙarƙashin Baƙuwa, ta juya wa wajen baya.

Suka fara ɓamɓare allunan da ke kewaye da shi, waɗanda aka sa don kada shanu su goge shi da ƙaho. Nan abu na farko ya ba Sannu-Sannu mamaki. Duk ƙusoshin bargar nan a miƙe suka fita, amma waɗannan sun lanƙwashe, allunan sun buɗe a kusurwa kamar rigar da ta yi wa mai ita kaɗan. A gefe guda kuma akwai zoben ƙarfe na ɗaure saniya, rabinsa ya nutse cikin itacen, itacen ya rufe a kansa.

"Kai!" in ji Birkila. "Wannan ginshiƙin ya fi ni cin abinci. Ƙiba yake yi a tsaye."

Aka yi dariya, aka ɗaura igiya. Ƙarti suka ja, ginshiƙi ko gezau. Aka ɗaura wa motar Auta, taya ta yi ta haƙar ƙasa tana hayaƙi, har igiyar ta tsinke. Sai aka ɗauko diga da shebur a tono gindinsa. Ana tono gindin na ƙara faɗi, har shebur ya ci karo da saiwoyi masu kaurin cinya, sun bazu ko'ina cikin ƙasa.

Sannu-Sannu ya dafe kai. Iya ta gaya musu da bakinta cewa bishiya ce, amma shi duk tsammaninsa an sare ta ne aka sake kafa gungumen, kamar yadda kowane magini ke yi. Ashe a inda take tsaye aka bar ta, aka gina barga a kewaye.

"Ba komai," in ji Auta. "A yanke daga ƙasa. Tsawon zai isa ɗakin."

Aka kawo babban zarto, Sannu-Sannu a wannan gefe, Birkila a wancan. Suka ja, suka tura, suka sake ja. Busasshen itacen da ya shekara da shekaru a inuwa ƙara yake yi a bakin zarto, garinsa ya tashi ya shiga hanci. Wannan kuwa sai ya riƙe zarton ya cije. Sannu-Sannu ya zare shi da ƙyar, ya kalli haƙoransa. Garin da ya maƙale a jiki fari ne, a dunƙule, da danshi. Ya murza shi a yatsa, ya kai hanci. Sannan ya durƙusa ya kalli ɗan tsagin da suka yi, ya ga ruwa na tsattsafowa a hankali, yana gangarowa kan ɓawon.

Ya kankare farar ƙasar da farce, ya ɓantari ɓawo ɗan mitsitsi, ƙarƙashinsa kore shar.

"Birkila," ya ce. "Ajiye zarton nan."

"Me ya faru?"

"Da ranta."

"Wace ce da ranta?" Birkila ya matso ya taɓa ruwan, ya ja da baya yana salati. "Haba! Ba ganye, ba rana, ba ruwan sama, tun kafin a haifi Auta? Me take ci?"

Sannu-Sannu ya miƙe. Ya ɗauki ƙaramin shebur ya kama bin saiwar da ta fi kowace kauri. Yana tono yana share ƙasa da tafin hannu, a kan gwiwoyinsa, ma'aikata na biye da shi. Saiwar ta miƙe ta ratsa ƙasan bargar, ta nufi bangon baya, ta shige daidai inda Birkila ya cire 'yar ƙofar bulon nan. Abin da suka ce magudana ce ta toshe, ita ce. Daga nan ta fita waje, ta ci gaba 'yan taku, ta shige gindin Baƙuwa, kusa da gefen tabarmar Iya.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya kalli bishiyar tun daga gindi har ƙololuwa, ganyenta na kaɗawa, tsuntsaye na hidimarsu. Ya waiga ya kalli gungumen da ba shi da ko reshe. Abu ɗaya ne. Mijin Iya ya sare kan bishiyar don ya ceci shanunsa, amma ya ƙi taɓa saiwar. Ya lanƙwasa mata bulo ta wuce, ta je ta yi toho a bayan bango inda rana take. Wadda ta fito waje ta yi ta ciyar da wadda ke cikin duhu, shekara bayan shekara, ba wanda ya sani sai mutum ɗaya, shi ma an ce ya riƙe abinsa. Sannu-Sannu ya kwance gine-gine da yawa a rayuwarsa, ya tsinci abubuwa iri-iri a cikin bango, amma bai taɓa jin tsoron Allah ya kama shi a wurin aiki irin na ranar nan ba.

Auta ya durƙuso kusa da shi, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, abu ɗaya ta roƙa a duniya. In an yanke aka kai, nan da wata biyu ya bushe, ba za ta taɓa sani ba. In kuwa ta ji wannan, ta ji cewa Baba gaskiya yake faɗa duk shekarun nan... ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba."

Maganar ta shigi Sannu-Sannu, don alkawari ya ɗauka, kuma bai taɓa saɓa wa tsohuwa ba. Zarton na nan a yashe, aikin ba zai wuce ɗan lokaci ba. Amma ya kalli hannunsa da garin itacen ke manne, ya san ba zai iya ba.

"Ni abin da ya gama aikinsa nake ɗauka, Auta. Wannan bai gama ba. In ta ce a yanke, sai ku nemi wani."

Ya tashi ya zagaya gaban tabarmar, ya durƙusa.

"Iya, na kasa cika miki alkawari."

Ta ɗago ido. "Ya karye?"

"Bai karye ba."

Ya miƙa hannu ya karyo ɗan reshen Baƙuwa, ya ba ta a hannun dama. Ya juye garin zarton a tafinta na hagu. Ta kalle shi kamar mai shirin zagi, sannan ta sansana wannan, ta sansana wancan. Ta sake sansanawa. Sai ta juya, karon farko tun safe, ta ga ramin da ya faro daga gefen tabarmarta, da saiwar kwance a ciki, ta bi ta da ido har can.

Ta dafa gindin bishiyar za ta miƙe, sai hannunta ya tsaya a kan ɓawon, ya daɗe a wurin. Auta ya matso zai riƙe ta, ta ture shi. Bango babu, ko ta ina ta ga dama za ta iya shiga, amma sai ta zagaya da sandarta har gaba, inda dokin ƙofa yake. Ta tsaya daf da shi kamar ranar farko. Sannan ta ɗaga ƙafa ta tsallaka.

Ta isa ga ginshiƙin, ta shafa zoben da itace ya haɗiye, ta shafa tsagin zarto, ta kalli jiƙaƙƙen yatsanta. Sannu-Sannu ya nuna mata inda saiwar ta ratsa tushe, da 'yan bulon da aka jera daban, ya gaya mata yadda suka same su a lanƙwashe. Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba.

"Wa ya cire su?"

"Ni ne, Iya," in ji Birkila, ya sunkuyar da kai.

"Mai ƙaton ciki, ka iya mayarwa?"

"Na iya."

"To mayar, yadda ka same su. Auta, je ka gaya wa maƙwabci garmarsa ta zagaye nan, in ba haka ba na fasa ba da gonar. Ɗakina kuma ku tokare shi da duk abin da kuka samu."

Aka kwaɓa farar ƙasa. Sannu-Sannu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana sauke bulo, ya durƙusa yana miƙa wa Birkila ɗaya bayan ɗaya, suka buɗa bakan ya fi na da faɗi don saiwar ta sami wurin ƙara ƙiba. Ya cika tsagin zarton da laka mai laushi, ya ɗaure da tsumma.

Yana cikin ɗaurin ne ya ji muryar Iya a kansa. Ya ɗaga kai zai amsa, sai ya ga ba da shi take ba. Ta jingina goshinta da ginshiƙin, tana magana a hankali, da irin muryar da mace ke yi wa mijinta idan baƙi sun watse.

"To, ga ni na zo," ta ce. "Nuna mini."